Ragon da Kakana Ya Mayar

Jiya a kasuwar Batsari wani rago ya taka mini ƙafa. Ina cikin zaginsa sai ga hawaye, don ya tuna mini da kakana. Shekara guda ke nan da rasuwarsa.

Gwamnati ta taɓa sa shi a kwamitin da ke sa ido kan kamfaninta na takin zamani. Ranar zama, sauran membobi kan dirar wa kajin da manaja ya kawo, shi kuwa ya kwance ƙuli-ƙulinsa yana gurgura, har a Safana ana jin ƙarar. Yakan ce, "In baki ya ci, ido ke jin kunya."

Gab da Babbar Salla manajan ya aiko mana rago, ƙato kamar maraƙi. Tuni na soye shi a raina, sai kakana ya ce a mayar da shi.

Na ce, "Haba tsoho, ko hanta a bar mana!"

"Zo nan, makwaɗaiciya." Ya ɗebo takin kamfanin daga aljihu ya zuba mini a tafin hannu. Rabinsa yashi ne, har yana kartar fata. "Daga Runka aka kawo mini. Mutum ya sai da rai ya shiga gona, ɓarayin daji na kewaye, ya zuba wannan. In na ci ragon nan, da wane baki zan tambaya?"

Aka mayar da rago. A zama na gaba ya yi tambayarsa, aka sauke shi. Dawar Runka iya gwiwa ta tsaya a shekarar.

Allah ya haskaka kabarinka, tsoho. Allah ya zaunar da mai tambaya a kujerar nan kafin wata damina.