Ranar Da Jikata Ta Hau Ƙanƙara Da Tsagaggen Ƙashi

Ni dai ko mantuwar tsufa ta kwashe komai a kaina, har inda na ajiye tabarau, wannan rana ba za ta samu ba.

Ina da jika, 'yar 'yata, ubanta Balaraben nan ne, ɗan ƙasa. Amarya nake ce mata, ita kuma tana ce mini tsoho mai rowa. A garin nan na Jidda, inda sitiyarin mota ke ƙona hannu, yarinyar nan ta rasa wasan da za ta so sai zamiya a kan ƙanƙara, da takalmi mai wuƙa a ƙasa. Ni da karatuna bai wuce rubuta sunana ba, na ce mata wannan ba wasa ba ne, neman karaya ne da kiɗa. Amma fa idan ta daka tsalle ta juya a iska kamar mazari, har ni sai na gyara hula.

Ana gab da zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa, ƙashin ƙafarta ya tsage. Likita ya ce ta huta. Mudarriba, wato matar da ke horar da su, ta ce wanda bai hau ƙanƙara ranar gwaji ba, halas, shi ke nan, ba shi ba tawaga. Yarinya ta yi ta kuka har uwar ta sallama ta bar ta ta hau.

Ranar gwajin na taso daga unguwarmu Sa'alaba da jallabiya biyu a jikina saboda sanyin wurin wasan. Kusa da ni wata abokiyar wasanta ce zaune, ƙafa a naɗe da bandeji, tana danna waya. Na tausaya mata, har dabino na ba ta.

Amarya ta shiga. Tsallen farko ta sauka, na ga ta cije leɓe. Na biyu ta zube. Ta miƙe ta ƙarasa har kiɗan ya ƙare tana murmushi, wai a dokarsu ko ƙafa na ciwo sai an yi murmushi. Da ta fito, takalmin sai yanka shi aka yi. Tsagewa ta zama karaya.

Da aka faɗi waɗanda aka zaɓa, sai ga mai cin dabinona a ciki. Ashe akwai hanya. Idan ɗan wasa ya ji ciwo, mai horar da shi na iya roƙa masa uzuri, a duba ƙoƙarinsa na baya. Mudarriba ta roƙa wa waccan, ta ɓoye wa tawa.

Na tare ta a bakin ƙofa na tambaye ta dalili. Ko kunya babu ta ce, "Ya ammi, ya baffa, in na kai musu biyu masu ciwo, cewa za su yi ni ke karya yara."

Na ce, "To yanzu wa ya karya ta, ni?"

Ta ce yalla, wato in ba ta hanya, tana sauri.

A asibiti Amarya ta tambaye ni ko ta yi kyau kafin ta faɗi. Na so in tsokane ta yadda na saba, amma sai kawai na ce ta yi kyau. Har yau tana ɗan ɗingishi in ta gaji, kuma ba ta sake shiga gasa ba.

Abin da na koya shi ne, duk babban da ya ce wa yaronka babu hanya sai ta cikin ciwo, kada ka tsaya kana yaba jarumtar yaron. Je ka tambaya ko haka aka gaya wa 'ya'yan kowa.