Garuruwan da Inna Ta Haddace

Inna Lubabatu, mahaifiyata, a Zongon Kwatano aka haife ta, nan ta tsufa tana tuyar masa a ƙofar gida. Ko Godomey da ke nan kusa ba ta zuwa sai da dalili. Amma ka tambaye ta gundumar Zwettl ta ƙasar Ostiriya, sai ka gaji da ji.

Autanmu Safwan ne ya jawo. Can ya samu aiki a wajen masu yankan katako. Duk kiran waya sai ta ce, "Auta, yau wane gari ka je?" Shi kuma ya yi ta zuba: daji ne, tafkunan kifi, gonakin dankali, ga kogin Kamp ya ratsa. Kowane ɗan ƙauye da komin ɗinsa, wato ƙaramar hukuma, da meri mai shugabantarta, kamar wani babban birni.

Inna ta haddace su tsaf, ta lanƙwasa su yadda bakinta ya iya. Zwettl ta koma Tsabatal, Allentsteig ta zama Alhaji Shitayik. Ta san wanda ke kan tudu, ta san wanda sanyinsa ya fi. Bayan kowace salla sai ta jero su tana roƙa musu albarka, don ɗanta na taka ƙasarsu.

Ni fa? Ni ce 'yar fari. Saboda alkunya Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai "ke" ko "wannan". Ni ke jiƙa shinkafa, ni ke hawa zem, babur ɗin haya, in sayo maganinta, amma ƙauyukan da ba ta taɓa gani ba sun fi ni shiga bakinta. Wallahi kishi nake, ba na ɓoyewa. Mace da jikoki tana kishi da kogi, ka ji abin kunya!

Bara mantuwa ta kama ta. Ta daina tuya, ta daina gane mutane. Garuruwan kam ko ɗaya bai faɗi ba.

Ran nan ina shafa mata mai a ƙafa, ta gama jero su, sai ta dube ni kamar baƙuwa.

"Baiwar Allah, kin san Zakiyya?"

Hannuna ya tsaya. "Wace Zakiyya, Inna?"

"'Yata mana. Zakiyya. In kin gan ta, ki ce ta zauna ta huta."

Na ce, "Sake faɗa, ban ji ba."

Ƙarya nake, na ji. Ta sake faɗa.