Malamarmu Ta Zama Kansila

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu yarinya ce, sa'ar 'yata ta biyu, siririya, ga tsiwa. In na rubuta harafi a juye sai ta ce, "Inna, wannan fushi yake da ke ya ba ki baya?" Mu goma sha huɗu ne, bayan la'asar muke cusa kanmu a bencin 'yan firamare, gwiwa na gugar tebur.

Mun shekara biyu tare, sai ta ce za ta tsaya takarar kansila. Dattawan jam'iyya suka ce yaushe aka yaye ta. Mu kuwa muka ɗaura gyale muka bi gida-gida, har gonar da ake cirar masara na bi mata ina yi musu magana. Ta ci.

Da ta ci, aji ya mutu. Aka ce za a turo wata malama. Aka gama masara, aka gama tsinkar auduga, shiru. Na kasa zama wuri ɗaya. Buhun taki nake karantawa, da kwalin ashana, da rubutun bayan motocin Funtua, don kada abin ya zube mini. Rannan maƙwabciyata, wadda ta fi mu duka kai a aji, ta kawo mini katin asibiti in duba mata ranar komawa. Ta ce haruffan sun fara yi mata rawa. Ko tuwo ban iya ci ba.

Kwana uku ina rubuta wa malamarmu wasiƙa, na yaga takarda huɗu. Na hau mota zuwa sakatariya. A bakin ofis wani mai rajista ya turo mini tawada in dangwala.

Na ce, "Miƙo biro."

Ya ce, "Hajiya, akwai layi."

Na ce, "Layin ya jira." Na rubuta sunana a tsanake.

Na sami malamarmu a wani ɗan ofis da ko fanka babu. Ta miƙe tsaye.

"Inna! Lafiya?"

"Ina fa lafiya, Malama. Ko Honarabul zan ce? Mun tura ki gaba, kin bar mu a rana."

Ta karɓi wasiƙar tana karantawa. Ban ankara ba hannunta ya lalubo jan biro, ta zagaye kalma biyu.

Na ce, "Ƙara na kawo, ba jarrabawa ba."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce sau uku tana tayar da maganar a zaman majalisa. Ana zuwa kanta sai wani ya duba agogo, wani ya ce tsofaffi me za su yi da boko, a koma batun kwalbati.

"To ki ajiye musu kujerar ki dawo."

"In na tashi, Inna, wa zai tayar a karo na huɗu?"

Haushi ya ƙara kama ni. Ta jawo aljihun tebur ta fito da mabuɗin ajin da rabin kwalin alli.

"Ki riƙe su kafin in samo malama."

"Ni? Da kika zagaye mini kalma biyu yanzun nan?"

"Biyu cikin nawa?"

Ranar Asabar mata tara suka zo. Na tsaya gaban allo, allin ya karye sau biyu. Maƙwabciyata ta ce, "Malama, ki ɗaga murya," aji ya kwashe da dariya. Na ce ta fito ta rubuta Litinin. Ta rubuta, saura harafi ɗaya.

Wata na biyar ke nan ina tsayawa a wurin. Abin da na iya ya kusa ƙarewa, littafin da muke bi saura shafi shida, na gabansa ni ma ba a koya mini ba. Ranar Talata zan koma sakatariya, mata uku sun ce za su bi ni.