Kyanwa Mai Gida Biyu

A asibitin dabbobi, cikin zafin Janairun birnin Asunción, inda a watan ake bazara, wani dattijo yana zaune da kyanwa a kwandon cefane. Rigarsa ta sha guga, hannuwansa duk yakushi. Da gani su biyu ne a gidan. Sai fifita yake mata da hularsa.

Wata ma'aikaciyar asibitin ta leƙa kwandon. "Baba Eulalio, ai mun santa! Maƙwabciyarka ta yi mata inshora tun bara. A gidanta take wuni, saboda na'urar sanyaya ɗaki."

Hular ta tsaya cak. Dattijon ya dubi kyanwar.

"Morocha, shekara tara kina yaga min kujeru, ban ce uffan ba. Ashe ni wurin kwana ne kawai?"

Kyanwar ta yi hamma. Ya kau da kai, ya ƙi kallonta, amma hular ta koma fifita.