Ƙwan Zabo da Wuyan Ɗan Dako

Ko tsufa ya sa na manta sunana, ba zan manta ranar da aka miƙa mini sanda a filin Bukan Sidi aka ce in buga ƙwan zabo ba. Ku da kuke sharar filin nan yanzu, ku kasa kunne. Ba na maimaita magana.

Sunana Tanko, ɗan dako ne ni. Daga Arikya aka ɗebo mu lokacin yaƙin Jamus, na ɗauki akwatin harsashi a ka har ƙasar Kamaru. Da yawa ba su dawo ba. Ni na dawo da wuya a sandare. Bayan yaƙi na zama lebura a barikin Lafiya. Tsarin aikin haka yake: Di'o, wato Baturen da ke riƙe da ƙasar, shi ne a sama. Masinja ke kai maganarsa. Heluma ke shugabantar leburori. Lebura kuwa yana ƙarƙashin kaya.

Di'on lokacin, Mai Jan Wuya muke ce masa, a gabansa kuwa sai a ce Zaki. Yana da wani wasa, golf suke kiransa. Ƙwallo ne ƙarami fari, mu muka raɗa masa ƙwan zabo. Da la'asar zai tsaya kan tudu ya maka masa sanda mai kan ƙarfe, ƙwan ya ƙetare rafi, sannan ya zauna jiran a ratsa ruwa a ɗauko. Jiran ya ishe shi. Ya ce a fitar masa da mutum guda da zai tsaya a ƙetare yana bugo masa su, ya kuma kula da filin.

Damina ta zauna, ga kaya za a kai garin Loko a ka. Wanda aka zaɓa zai zauna a gari, sauran su ɗauki gammo. Na san wuyana. In na sake hawa hanyar nan, a gefenta za a binne ni.

Ranar Laraba aka tara mu. Di'o ya buga muka gani, masinja ya fassara: "Zaki ya ce ƙarfin ba a hannu yake ba. In ka ɗaga sanda, nauyinka ya koma ƙafar dama. In ka kawo bugu, ya dawo ta hagu."

Kigbu ya fara, wani ƙaton mutumin Eggon, abokin tafiyata. Ya ɗaga sanda kamar gatari ya sari ƙasa. Laka har wandon masinja.

"Kai Kigbu, doya aka ce ka shuka?" in ji heluma.

"Baba, ƙwan ne ya gudu!"

Aka kwashe da dariya.

Aka zo kaina. Na tsaya tsayuwar ɗan dako: tafin ƙafa a ƙasa, nauyi a tsakiya, wuya a miƙe. Abin da jikina ya koya ke nan shekara da shekaru. Kada ka karkata, in ka karkata kaya ya faɗi, bulala ta hau ka. Na kai bugu da hannu kaɗai. Ƙwan ya gangara ya faɗa ruwa. Na sake. Wannan karon na karkata dama, amma na maƙale a can, saura kaɗan in faɗi ta baya. Ƙwan ya yi sama ya sauko gabana.

"Tanko, turmi ya fi ka motsi!" in ji Kigbu.

Di'o ya miƙo hannu zai karɓi sandarsa. Na ji hanyar Loko a ƙashin wuyana.

Helumanmu Bukar ne, dattijo, tare muka yi Kamaru. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara masa ɗaya." Di'o ya gyaɗa kai. Bukar ya matso kusa da kunnena.

"Ɗan'uwa, in mun iso zango babu mai kama maka, yaya kake yi da akwati?"

"Wurgar da shi nake yi."

"Ta yaya?"

"In jingina a dama, in murɗa ƙugu, in tura shi hagu."

"To, ka iso zango."

Ya koma gefe. Na ɗaga sanda, nauyi ya taru a ƙafar dama. Sai Bukar ya kwarara ihun nan da yake yi mana a ƙarshen tafiyar yini: "Saukeee!"

Jikina bai yi shawara da ni ba. Ƙugu ya murɗa, nauyi ya zube a ƙafar hagu, diddigen dama ya tashi, cibiyata ta fuskanci rafi. Na ji ƙas! Jama'a, ƙwan ya tashi! Ya ƙetare rafi, ya wuce giginya, yana tafiya, yana tafiya, sai cikin gonar gyaɗa! Leburori suka ɓarke da ihu. Kigbu ya sungume ni sama yana juyi.

"Wuyana, mahaukaci! Wuyana!"

Di'o ya cire hula ya ce a sake. Bukar ya yi ihu, ƙwai ya tafi. Aka sake, ya tafi.

Masinja ya ce, "Zaki ya ce kai ne. Amma yana tambaya, kullum sai an yi maka ihu?"

Na ce, "Gaya masa zan riƙa yi a zuci."

Washegari ayari ya tashi. Na raka su bakin gari. Gammon Kigbu ya tsufa, ya ari nawa. Da Allah ya dawo da shi lafiya, ya miƙo mini abina. Na ce ya riƙe.

Abin da na koya kaɗan ne. Hannu aron ƙarfi yake yi a wurin ƙafa. Mai riƙe nauyi a tsakiya ba ya faɗuwa, amma ƙwansa ba ya ƙetare rafi. Heluman kirki kuma shi ne wanda ya san abin da jikin mutuminsa ya riga ya iya. Bukar ya daɗe da rasuwa, amma har yau in na ɗaga sanda, shi ke yi mini ihu.

Ku tashi, ciyawa ta yi tsawo.