Hoton Kaka Da Na Koma Gyarawa

Shekarun baya, in kana son hoto a Fatakwal sai ka sa babbar riga, ka hau okada zuwa shagon mai hoto, ka tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama, bayan kwana uku ka koma karɓa. Yanzu kowa da kyamara a aljihu, kuma kowa malami ne. Ni ma da furfurata na faɗa ciki. Abokina, dillalin shanu a Trans-Amadi, shi ya jefa ni wani zaure na waya inda 'yan Arewa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu ke tura hotunan da suka ɗauka, ana yi wa juna gyara. Ba sana'ar kowa ba ce, sha'awa ce kawai.

Wani wata aka ce kowa ya kawo hoton kaka, lokacin girbi. Rabin 'yan zauren a Kudu aka haife su, inda ruwa ke zuba har lokacin da a gida ake ɗaure dami. Sai suka bazama neman bishiyar da ganyenta ya yi ja, don ta yi kama da ta Turawa. Ni na taɓa ganin wannan da idona a ƙasarsu, na tsaya cikin sanyi ina kallon mutane suna murna ganye ya mutu. Na ce musu tamu kakar ba haka take ba, bari ku gani.

Na tura hoton da na ɗauka a ƙauyenmu: mahaifiyata tana sheƙar gero da yamma, ƙwarya a sama, ƙaiƙayi na tashi cikin hasken rana, dammuna a jere bayanta. Ta kau da fuska gefe. Ni ɗan fari ne. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. "Mutumin Kurmi" take ce mini. In na je gida sai in shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da ita, tana aikinta tana kallon wani wuri, muna hira har rana ta yi sanyi. Sau ɗaya a shekara nake samun wannan zaman, kuma shi ne duk rabona na uwa.

Wani mai sayar da kayan mota a Anacha, wanda muke kira Malam don ya fi mu sanin kyamara, ya ce haske ya yi, ƙaiƙayin ma ya yi, amma hoton mutum babu ido ba hoto ba ne. Wata mai shago a kasuwar Ogbete ta Inugu ta tambaya ko Inna ƙin kallon kyamara ta yi, ta rubuta, "Baba, Mama no gree look camera? Ko faɗa kuka yi?" Aka yi ta dariya.

Abokina ya kira ni ya ce, "Alhaji, kar ka biye wa yaran nan. Ina suka san kunyar ɗan fari?"

Na ce, "Kai da ba ka iya hoton komai ba sai saniya."

Ya ce, "Saniyar ma ba na tilasta mata ta kalle ni."

Ina jin Ibo, ina jin Turanci, na yi ciniki da Faransanci a Duwala, na yi da Larabci a Sudan. Da kowanne zan iya yi musu bayani cikin layi biyu. Ban yi ba. Ban so a ce tsohon da ya zaga duniya uwarsa baƙauya ce. Na rubuta cewa zan gyara.

Da wata kakar ta zagayo na tafi gida. Na jira irin wannan hasken na yamma, ta fito sheƙa, ƙanwata da matan ƙannena suna gefe suna sussuka. Na durƙusa na saita waya na ce, "Inna, ɗan ɗago ki kalle ni."

Ba ta tsaya ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa mutumin Kurmi ya ajiye abin nan."

Na ce, "Sau ɗaya kawai, Inna. Don Allah, don Annabi."

Na san in an haɗa ta da Allah ba ta ƙi, shi ya sa na haɗa ta. Taɓaryar masu sussuka ta tsaya. Ta sauke ƙwarya a hankali, ta ɗago ta kalle ni. Na danna. Sai ta bar geron nan a ƙasa ta shige ɗaki.

Ƙanwata ta ce, "Haba Yaya. A gaban surukanta?"

A zaure kuwa hoton ya sha yabo. Malam ya ce yanzu aka yi hoto, ku dubi idon nan. Ni ma na duba. Idon tsohuwa ne da aka ƙwace wa abin da ta riƙe shekara sittin, kuma ɗanta ne ya ƙwace.

Na ba ta haƙuri kafin in komo Kudu. Daga bayan labule ta ce, "Ba komai, Allah ya kiyaye hanya." Na koma kakar gaba, na koma ta gabanta. In na yi sallama sai ta shige ɗaki, in durƙusa a ƙofa mu gaisa, ta tambayi iyali, shi ke nan. Ba fushi take ba, da fushi ne da ya wuce. Kunya ce ta ƙaru, kuma ban san wani yare da ake ba wa kunya haƙuri da shi ba. A ta uku ta rasu ina hanya.

Har yau ina zauren, amma ba na yi wa kowa gyara, don ban san abin da ke bayan hoton mutum ba. Ina yi mata addu'a, ina neman gafara. Daga ranar da na sa ta kalle ni, ban sake ganin fuskarta ba.