Majanyin Ikilima

Duk wanda ya tashi a Kamarawa ya san ƙarar fashewar tulu a gidan Malam Attahiru, kuma ba ya tambayar wa ya fasa. Ikilima ce, ɗiyarsa. Tun tana 'yar shekara bakwai ake kiranta Hannun Rariya, don abin da ya shiga hannunta ba ya zama. Ta kifar da tawada a kan allo, ta taka ƙwaryar fura, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar da take ƙetarawa sau goma a yini. Amma fa kai akwai shi. Karatun da mahaifinta ya biya wa ɗalibai sau ɗaya, ta haddace shi daga bayan katanga. Hannun ne dai da ƙafar ba sa jin maganarta.

An yi duka, an yi rubutun sha, an yi hayaƙi wai iska ce ta shafe ta. Da abin ya ƙi, sai aka ce sakarci ne. Kai jama'a, mutane da saurin yanke wa baiwar Allah hukunci!

Ta yi aure a Isa, gidan Gwadabe mai kai kaya Nijar, mutum mai sanyin hali wanda ya sauya mata kwanonin tangaran da na roba bai ce uffan ba. Sai dai rabin wata yana kan hanya. Wadda ke gida kullum ita ce mahaifiyarsa, Inna Azumi, kuma ko cokali ya faɗi sai ta ji.

Da Ikilima ta haifi ɗanta na fari, Hafizullahi, hanyar Kamarawa ba lafiya, sai ta yi wankan jego a gidan miji. Rana ta ashirin ta gwada goyo. Ta sunkuya, ta ɗora shi, ta jawo zani, ta zo ɗaure majanyi yatsu suka ƙi. Yaro ya sulale. Allah Ya taimaka a kan katifa ya sauka, amma Inna Azumi na tsaye bakin ƙofa.

"Ba ki kashe min wanga yaro," in ji tsohuwar, ta sure shi. "Daga yau ɗakina zai zauna, in ya ji yunwa a kawo miki. Ran yawon arba'in ki goya shi da kanki, ba 'yar rakiya, ki kai shi gidajen dangi ki maido. In kin kasa, ya zama nawa. Dama ɗan fari na kaka ne."

To me Ikilima za ta ce? Ɗan fari ne. Kunya ta hana uwa ta kama sunansa, balle ta tsaya gaban uwar miji ta ce tana sonsa. Ta shiga ɗaki ta tura ƙyaure, ta riƙa goya matashin kai yana zamewa, tana ɗauka yana zamewa. Tana jin kukansa a ɗakin tsohuwar, nono na jiƙa mata riga, ba halin ta je sai an kira ta. Wallahi ta yi kuka har ta roƙi Allah Ya karɓi haddar da ke kanta Ya ba ta hannu irin na kowa.

Ranar rigakafi, malamar asibiti ta ga yadda take kokawa da maɓallin rigar jariri. Ta ja ta gefe ta yi mata tambayoyi. Tun yaushe? Tana iya rubutu? Ta iya gaɗa tana yarinya? Sannan ta ce mata wannan ba sakarci ba ne, ba kuma iska ba. Da shi ake haihuwar mutum, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓi ne yake isa a hargitse, likitoci na ce masa disfiraksiya. Ba ya warkewa, amma akwai dabaru. Ta kwatanta mata gidan wata Hajjo mai sayar da kuka da daddawa a bayan tasha, inda masu irin wannan lalura ke haɗuwa ranar Laraba.

Ta tarar da mata huɗu a kan tabarma. Tana zama ta ture butar shayi da gwiwa. Ta dafe kai tana jiran faɗa, sai ta ji dariya.

"Sannu da zuwa gida, ɗiyata," in ji Hajjo. "Wagga buta ita ce ta uku da munka kashe bana."

Da Hajjo ta ji labarin Ikilima, dariyar ta ɗauke. Ashe ita ma an karɓe mata ɗiya tana wata uku, can Sabon Birni, shekara talatin ke nan. Yarinyar ta girma, ta yi aure, in sun haɗu takan gaishe ta kamar maƙwabciya. Hajjo ta buɗe adaka ta fito da wani majanyi da ta sa tela ya ɗinka bayan aikin gama ya gama. Yana da mazauni da ƙofofin ƙafa biyu, da igiyoyin kafaɗa masu maƙali irin na jakar 'yan makaranta. Babu ɗauri ko ɗaya.

"A zaune za ki goya," ta ce. "Kuma tunda kanki na riƙe karatu, ki riƙa faɗi da baki, hannu shi bi."

Kwana tara suka rage. Ikilima ta yi su tana goya tiya biyu ta gero, tana biyawa kamar karatun allo: zauna, jingina, dama, hagu, maƙala.

Ranar arba'in mata suka cika tsakar gida. Inna Azumi ta ɗaga majanyin da yatsa biyu ta ce, "Wanga kuma mi ne? Boko za ki kai shi?" Aka kwashe da dariya. Ikilima ta zauna, ta biya karatunta a fili, ta miƙe da yaro a baya. Gida bakwai ta shiga, tana kallon ƙasa, tana taka kowane taku da addu'a. Da la'asar ta dawo, sai ga dokin ƙofar zaure. Ta tafi rub da ciki, gwiwa da tafin hannu suka daki ƙasa, leɓe ya fashe.

Tsohuwar ta zo da gudu ta kama yaron ta ja, majanyi ya ƙi saki. Barcinsa ma yake, jan ne ya tashe shi.

"Kin faɗi! Kowa ya gani!"

"Na faɗi, Inna," in ji Ikilima daga durƙushe, jini a haɓarta. "Gobe ma za ni faɗuwa. Amma shi bai faɗi ba." Ta share haɓa da bakin zani. "Hafizullahi ɗana ne. Ina son shi. Don Allah kada ku raba ni da shi."

Mata suka riƙe baki. Uwa ta kama sunan ɗan fari a gaban surukai! Inna Azumi ta cire hannu. Ta shiga ɗaki ta kwaso tsummokaran yaron ta zube su a ƙofar Ikilima.

"Har yaye," ta ce. "Daga nan mu gani."

Shekara biyu ke nan aka ba ta, ba a ƙara ko kwana ɗaya ba. Da Laraba ta zagayo ta tafi gidan Hajjo da ɗanta a baya, gwiwa a ɗaure da tsumma. Hajjo ta shafa igiyar majanyin, ta ce a hankali ko za a ara mata yaron kaɗan. Ta zauna, ta jingina, ta faɗi dama da hagu, ta maƙala. Ta miƙe da yaro a bayanta, sannan ta juya fuska ga bango tana jijjiga shi.